Suna ɗaya, kaya daban-daban: kafin ka sayi tsohon idon kyamara

Yawancin masu ɗaukar hoto a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sa sayen idon kyamara sabo fil a kwalinsa. Na hannu ake saye, ko daga abokin sana'a da zai sauya kaya, ko daga 'yan kasuwar Kano da Legas masu shigo da gwanjon Turai da Japan. Babu laifi a cikin haka. Gilashi ba ya mutuwa kamar batir, kuma idon da aka ƙera a 1975, in ya samu ajiya mai kyau, yana iya fitar da fuskar amarya tas fiye da wani sabo na roba da ke zuwa tare da kyamara. Inda mutane ke shan kashi shi ne wajen suna. Kamfani ɗaya kan sake ƙera ido ɗaya sau uku ko sau biyar cikin shekara talatin, rubutun gabansa bai sauya ba sai harafi ɗaya ko biyu, alhali wannan harafin shi ne zai sa idon ya yi aiki a kyamararka ko ya zama kayan ado a kan teburi.

Mutumin Kano in ya sayi abin da bai yi masa ba, adaidaita zai hau ya koma shagon kafin la'asar. Na Sabuwa kuwa sai ya bi ta Ɗandume ya fito Funtuwa kafin ma a fara maganar Kano, na Ƙanƙara ya bi ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyin yankin nan ke ciki wanda kowa ya sani. Shi ya sa yawancin cinikin a waya ake ƙulla shi: a turo hoto ta WhatsApp, a tura kuɗi, a saka kaya a mota a ba direba lamba. Wanda ke ciniki a haka, duk binciken da zai yi dole ya gama shi kafin kuɗi su bar asusunsa.

Mu fara da wanda ya fi yawo a hannun masu hoton biki, wato Canon 50mm f/1.8. Mai shago zai ce maka "fifti ce, tana wanke baya", kuma gaskiya ya faɗa, sai dai fifti ɗin uku ce. Ta farko ta fito a 1987, shekarar da Canon ya ɓullo da kyamarorin EOS. Gindinta ƙarfe ne, tana da 'yar taga mai nuna nisa. Ta biyu, mai ɗauke da II a ƙarshen suna, ta fito a 1990, kuma ita ce ta cika kasuwa. Roba ce har gindi, ganyayen ƙofar haskenta biyar ne, injinta na ƙara kamar zai tsage, in ta faɗi ƙasa tana iya rabewa biyu. Ta uku, mai STM, ta zo a 2015 da gindin ƙarfe da ganyaye bakwai da inji mai laushin murya, tana kuma matsawa kusa da abu har santimita 35, inda ta biyu ke tsayawa a 45. Tsarin gilashin duka ukun kusan ɗaya ne, don haka a hoton rana da wuya ka bambance su. Amma ka ɗauki bidiyon ɗaurin aure da ta biyu, ƙurr-ƙurr ɗin injin zai shiga cikin muryar liman yana addu'a. Ka ɗauki hoton dare inda aka jera fitilu a bayan amarya, ka ɗan rufe ƙofar hasken, kowace fitila za ta fito da kusurwa biyar maimakon da'ira. Akwai kuma ta kamfanin Yongnuo na China, wadda aka kwaikwayi ta biyun sak. A hoton da aka ɗauka daga nesa cikin shago mai duhu ba za ka gane ba sai ka ce a matso da rubutun gaba.

Masu Nikon nasu tarkon ya fi zurfi, domin bakin kyamarar Nikon, wanda ake kira F, bai sauya siffa ba tun 1959. Wannan ya sa kusan kowane tsohon ido yana shiga, mai saye ya ɗauka shi ke nan. Shiga daban, aiki daban. Nikon 50mm f/1.8D ta 2002 ba ta da injin saiti a cikinta. Kyamara ce ke juya ta da wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ke leƙowa a bakinta. D90 da D7000 da D7100 suna da wannan injin. D3100 da D3200 da D5100 da D5300, waɗanda su ne mafi yawa a hannun matasan da suka shigo sana'a, ba su da shi. Ka ɗora D a kansu, hoto zai ɗauku, amma saiti da hannu za ka yi har abada. Wadda za ta yi musu ita ce f/1.8G ta 2011, mai rubutun AF-S. Bambancin D da G harafi ɗaya ne a baki, kuma a waya, in layi na katsewa, kusan sauti ɗaya suke fita. Ka ce a rubuto maka.

Kada kuma a ɗauka sabo ne kullum mafita. Idanun Nikon masu rubutun AF-P, da suka fara fitowa a 2016, ba sa aiki a D3100 ko D3200 ko D90, ko da hannu ba za su saitu ba. Can ɗaya ɓangaren, tsofaffin da aka yi kafin 1977, kafin tsarin da ake kira AI, gindinsu shafe yake babu yanka, kuma in ka tura su da ƙarfi a kan D7000 ko D610 ko D750 suna iya lanƙwasa ɗan harshen da ke gefen bakin kyamarar. Ido mai araha ya jawo gyaran kyamara mai tsada. Wani ƙaramin abu kuma da ke sa mutane mayar da lafiyayyen kaya: in ka ɗora ido mai D kyamara ta rubuta fEE ta ƙi ɗauka, ba lalacewa ba ce. Zoben lambobin ƙofar haske za ka juya har lamba mafi girma, 22 a wannan fiftin, ka kulle shi da ɗan maɓallin da ke gefe.

Duk wannan a cikin gida ɗaya ke nan. Da zarar za ka ɗauki ido daga wani gida ka kai wani, akwai ma'auni guda da ke yanke hukunci, wato tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da allon da hoto ke sauka a kai. Kowane ido an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara tsayayya. Ta Canon EF milimita 44 ce, ta Nikon F 46.5, ta tsohon bakin nan mai murɗi da ake kira M42 kusan 45.5, ta tsohon Canon FD kuwa 42. Adafta zobe ce kawai, ƙara tazara take yi, ba ta ragewa. Saboda haka idon M42 yana hawa Canon 600D da siririn zobe ya ga nesa sarai, amma a Nikon ba zai ga abin da ya wuce 'yan mitoci ba. Haka Canon FD, wanda aka yi daga 1971 har zuwan EOS: sunan Canon ne a jikinsa, amma milimita biyun nan sun hana shi zama a kyamarar Canon mai madubi. Akwai adafta mai ɗan gilashi a ciki da ake sayarwa don gyara wannan, sai dai gilashin mai arha ne, yana dusashe hoton da saboda kyansa ka sayi idon. A ganina kuɗin da aka sa a irin wannan adaftar asara ce.

Masu kyamara marar madubi su ne suka huta. Sony E da Canon M50 tazararsu 18 ce, Canon RF 20, Nikon Z 16, don haka akwai fili isasshe na kowace adafta, kuma kusan duk tsohon ido yana hawa. Su ma dai su kula da abu ɗaya: Sony baki biyu gare shi, A wanda ya gada daga Minolta a 2006, da E na marasa madubi. "Na Sony ne" bai isa amsa ba.

Idon da ya fi kowane rikita mai saye shi ne Helios 44, ɗan Tarayyar Sobiyat, 58mm f/2, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus. An yi miliyoyinsa domin kyamarorin Zenit, a masana'antu daban-daban, ciki har da KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, da ta Valdai, da ta Minsk a Belarus. Abin da ya ɗaga shi shi ne yadda yake murɗa bayan hoto: ka tsayar da mutum a gaban bishiya mai ganye rana na ratsowa, bayan nasa zai fito yana kewaya shi kamar guguwa. Kwarjininsa ya ƙaru da aka ji cewa an yi amfani da irinsa, bayan kamfanin IronGlass na Yukiren ya sake masa jiki, wajen ɗaukar wasu sassan fim ɗin Dune: Part Two na 2024. Tun kafin nan ma masu bidiyo sun tayar da farashinsa.

To amma wane Helios? Na farkon, mai 44 zalla, wasunsa ganyaye 13 gare su, kuma da yawansu bakinsu M39 ne, ƙarami, ba zai hau adaftar M42 ba. Sai 44-2, mai ganyaye 8, wanda ƙofar haskensa zobe biyu ne: ɗaya ka tsayar da iyaka, ɗayan ka murza sumul babu ƙas-ƙas. Wannan ne masu bidiyo ke nema, don kana iya rage haske ana cikin ɗauka ba a ji ba a gani. Sai 44M, mai ɗan maɓalli a gefe da ke sauya shi tsakanin A, inda kyamara ke rufe ƙofar haske, da M, inda hannu ke rufe ta. Daga 44M-4 zuwa sama aka cire maɓallin, ganyaye suka koma 6, kuma a nan ne abin lura yake. Ka juya idon ka dubi gindinsa, za ka ga ɗan siririn tsinken ƙarfe yana leƙowa. Tsohuwar Zenit ita ke danna shi a lokacin ɗauka, ƙofar ta rufe. Kyamararka ta yau ba ta san da shi ba. In adaftarka ba ta da leɓe a ciki wanda zai danne tsinken, ka juya zoben lambobi daga 2 har 16, ƙofar na nan a wangale. Da rana tsaka a filin idi hoton fari fat zai fito, ka ɗauka an sayar maka da matacce. Na ƙarshe-ƙarshen, 44M-6 da 44M-7, sun fi kaifi kuma sun fi jure hasken da ke dukan gaba. A yawancin waɗannan idanu, lambobi biyun farko na lambar jiki su ne shekarar ƙira.

Yanzu ga tambayar da masu yabon Helios a YouTube ba za su yi maka ba, domin ba a Ƙanƙara suke aiki ba. Murɗin nan a gefunan hoto yake faruwa, kuma kyamara mai ƙaramin allo irin 600D ko D3200 tsakiya kawai take ɗauka, ta yar da gefe. Rabin abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi ke nan. Sannan a Canon mai ƙaramin allo ana ninka lambar ido da 1.6, a Nikon da Sony da 1.5, don haka a Canon 58mm ya koma kusan 93mm. Ka shiga ɗakin amarya da wannan, ga gado ga kabad ga jeren kwanuka, ƙawaye takwas sun ce a haɗa su; ko ka manne da bango fuska biyu za ka samu. Ga shi saitin hannu ne. A wajen kamu, ana liƙi ana turereniya yara na ratsawa, kafin ka daidaita fuskar uwar ango ta juya. Wanda cinsa da shansa biki da suna ne, ya fara mallakar ido mai saita kansa, ko da 18-55 ɗin da ake rainawa ne. Shi ma iri-iri ne a Canon: akwai marar IS da ba ya rage rawar hannu, akwai mai IS na 2007, akwai mai STM na 2013 wanda ya fi dacewa da bidiyo. Tsohon ido na hannu wurinsa inda mutum ke zaune: hoton sutudiyo, hira, tafsirin azumi, waƙar da ake ɗauka a tsanake, hoton kaya ga masu talla. A nan yana biyan kuɗinsa har da riba.

Akwai wani da ake tsawwala wa kuɗi saboda labari, Super-Takumar 50mm f/1.4 na kamfanin Asahi, masu Pentax. Na farkon, na 1964, gilasai takwas ne a cikinsa. Ba a daɗe ba aka koma bakwai. Masu tara kayan tarihi na takwas ɗin suke farauta, shi ya sa kowane mai sayarwa nasa "mai takwas ne". Ana ganewa. A jikin idon akwai jerin lambobi hagu da dama na alamar tsakiya, da wata 'yar jar alama kusa da lamba 4. A mai takwas tana dama da 4 ɗin, a mai bakwai tana hagu, sannan gilashin baya na mai takwas ya fi turowa waje. Shawarata dai kada mai neman abinci ya ƙara ko sisi saboda wannan. Babu amaryar da za ta kalli hotonta ta ƙirga gilasai. Waɗanda suka biyo baya a 1971 da 1972, masu rubutun Super-Multi-Coated da SMC, shafen gilashinsu ya fi kyau, kuma a ƙasar da rana ke duka kamar tamu wannan ya fi amfani.

Mai bakwai ɗin yana da wata ɗabi'a: an haɗa gilashinsa da sinadarin toriyam, wanda da tsufa yake mayar da shi ruwan ɗorawa. Ka ɗora shi a kan farar takarda za ka gani. Hasken rana na wanke wannan launi a hankali, sai dai ranar bazara a nan tana narkar da man da ke cikin ido ya gangaro kan gilashi, don haka hantsi da inuwar taga sun fi tsakar rana, kuma kada a bar shi yana tara rana a kan katifa ko takarda. Sinadarin yana fitar da ɗan tururin nukiliya kaɗan, wanda ba a ɗauke shi abin tsoro ba a aikin yau da kullum, amma ba gilashin da za a fasa ko a kankare ba ne, ba kuma abin wasan yara ba.

Bayan ka tabbatar da iri, saura lafiyar wannan ɗin da za a ba ka, domin ido biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya ya shekara arba'in a akwati, ɗaya ya sha damina ashirin a Legas. In kaya na hannunka, cire murafe biyun, buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, haska tocilar waya ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. Ƙura za ka gani, kuma kada ta dame ka. Babu tsohon idon da ba shi da ita, ba ta kuma fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zare-zare farare masu rassa da suka faro daga gefe. Fumfuna ce, tana da rai, kuma in ta daɗe tana cinye shafen gilashi ta bar tabon da goge-goge ba ya fitarwa. Sai hazo, wani fari-fari da ya lulluɓe gilashin ciki baki ɗaya, wanda ke sa baƙar shadda ta fito toka-toka. Ƙarzuwa a gilashin gaba da sauƙi. Ta gilashin baya ita ce mai illa. Murza zoben saiti daga farko har ƙarshe, ka ji ko yana cijewa ko yana lilo. Dubi ganyayen: in suna ƙyallin mai a 44-2 ba wani abu ba ne, tunda hannunka ke tura su, amma a idon da kyamara ke rufe wa ƙofa da kanta, mai yana sa su nawa, hoto ya riƙa ƙonewa. Dubi kawunan ƙananan notina. In sun cinye, wani ya taɓa buɗe shi, sai ka tambayi dalili.

Gwajin ƙarshe a kan kyamararka ne, ba ta mai shago ba. Ɗauki abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ka ga ko ya fito. Ɗauki bango mai rubutu ka duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi. Kuma ka rufe ƙofar zuwa 8 ko 11 ka sake ɗauka, musamman in tsohon Sigma ne na zamanin fim: wasunsu a wangale suna ɗauka lafiya a kan Canon, da ka rufe sai kyamara ta tsaya ta rubuta Err 01 ko Err 99. Mai shago da ya san haka a wangale zai gwada maka.

In kuwa a waya ne, hotuna huɗu za ka nema kafin a yi maganar kuɗi: rubutun gaba a kusa yadda za ka karanta kowane harafi, gindi, lambar jiki, da cikin gilashi da tocila. Ka roƙi ɗan bidiyo ana juya zobba. "Alhaji, don Allah a haska min cikinsa in gani" ba rashin yarda ba ne, kuma ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushinsa. In ya ce "haba Malam, kamar sabo ne, ka turo kawai", ka ce masa za ka kira. Wanda ke da ɗan'uwa ko abokin sana'a a Kano ko Zariya mai irin kyamararsa, ya tura shi ya gwada, ya ba shi na mota. Ya fi cinikin biri a sama arha. Ku yi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji, a faɗe shi a saƙon murya ko a rubuce, a kuma ambaci wanda zai biya kuɗin mota in kaya ya koma. Mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye hakki ne da malamanmu suka sani a babin ciniki, amma tabbatar da shi daga Faskari a kan mutumin da ke Legas sai da shaida. Lambar jikin da ka ajiye ita za ta nuna cewa abin da aka nuna maka shi aka sako. Ido mai tsada da wani yaro ya kawo maka a rabin kuɗi, babu murfi babu bayanin inda ya samo, ka bar masa abinsa.

In ya iso lafiya, yanayinmu biyu ne kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwa, kuma daga Yuli zuwa Satumba jakar kyamara da aka rufe aka tura ƙarƙashin gado ita ce gonar fumfuna. Robar abinci mai murfi mai kamawa, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, sun wadatar. A riƙa shanya ƙullin, a kuma riƙa fito da idon yana ganin haske. Da hunturu kuma ƙura ce, ga ta hanya ga ta iska. Ido mai zuƙowa yana shaƙar iska duk lokacin da ka ja shi, don haka ya fi mai lamba ɗaya tara ƙasa. Kada ka sauya ido a bakin titi ko a bayan babur, kuma kada ka goge gilashi da gefen riga ko rawani kafin ka hure ƙurar da ke kansa, domin yashi ne, kuma shafen tsofaffin idanun Sobiyat ba shi da tauri.